Me ya riƙe wannan rufin? Tambayar da ta kamata yaro ya fara da ita

Yawancin yara suna fara haɗuwa da tsofaffin gine-ginen duniya ne ta hoto a cikin littafin makaranta, da jimla ɗaya ko biyu a ƙarƙashinsa: ga babbar dalar Masar, sarki wane ne ya gina ta, a shekara kaza. Yaro ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, shi ke nan an rabu. A ganina ba daga nan ya kamata a fara ba, domin sunan sarki da shekara ba su gaya wa yaro komai game da ginin kansa. Gini abu ne mai nauyi wanda kullum yake neman komawa ƙasa, kuma tarihin gine-gine kusan duka labarin dabarun da mutane suka yi ne don hana shi faɗuwa, da ɗan abin da ƙasarsu ta ba su na laka ko dutse ko itace. Yaron da ya fahimci wannan da hannunsa, idan daga baya aka nuna masa hoton dala ko kubba, zai ga matsala da yadda aka warware ta, kuma sunaye da shekarun za su sami inda za su zauna a cikin kansa.

Saboda haka ni daga ɗakin da muke zaune nake farawa. Ina sa yaro ya ɗaga kai ya dubi rufi, sannan in tambaye shi abin da ya hana rufin zubowa a kanmu. Amsar farko kusan kullum ita ce bango. To me ya riƙe bangon? Ƙasa. Yaya aka yi bangon bai nutse cikin ƙasar ba? A nan ne maganar harsashi take shigowa, wato wani ɓangaren gini da ba a gani, wanda ya fi bangon faɗi don ya baza nauyin. Cikin ɗan lokaci yaro mai shekara 6 ko 7 yana iya bin nauyi da yatsa daga rufi zuwa katakon da aka gitta, daga nan zuwa bango ko ginshiƙi, har zuwa ƙasa, kuma wannan bin sawun nauyi shi ne abin da injiniyoyi suke yi da lissafi.

Daga nan sai a ɗauko littattafai biyu masu kauri a ajiye su da tazarar kamar taƙi ɗaya, a shimfiɗa takarda a kansu. Da zarar an ɗora mata kwabo ɗaya sai ta lotsa ta faɗa tsakani. A ɗauki wannan takardar a ninke ta gaba da baya, gaba da baya, har ta zama mai tudu da kwari, a mayar da ita wurinta, sai ga ta tana ɗaukar kwabbai da yawa ba ta ko motsa ba. Takardar ba ta ƙara kauri ba, siffarta ce kawai ta sauya. Sannan a ɗauki wani kwali mai ɗan tauri a lanƙwasa shi ya yi baka, a kafa ƙafafunsa a jikin littattafan biyu, a danna samansa da yatsa. Abin da yara suke lura da shi da kansu, ba sai an faɗa musu ba, shi ne littattafan suna zamewa suna nisantar juna. Idan aka ƙara wasu littattafan a bayansu suka yi nauyi, bakan sai ya tsaya cik. Ba na gaggawar barin wannan wasa, domin a cikinsa akwai bambancin da ya raba ginin Masarawa da Girkawa da na Rumawa.

Dutse yana jure danniya ƙwarai, amma ba ya jure a ja shi. Idan aka gitta dogon dutse a kan ginshiƙai biyu, samansa yana matsewa, ƙasansa kuma yana miƙewa, kuma daga ƙasan ne yake tsagewa idan tazarar ta yi yawa. Wannan ne ya sa magina da suka dogara da ginshiƙi da dutsen gitta dole su cika wuri da ginshiƙai. Babban zauren haikalin Karnak a Masar yana da ginshiƙai 134, goma sha biyu na tsakiya kowanne ya kai kimanin mita 21, kuma duk wanda ya ga hotonsa zai lura cewa ginshiƙan sun cinye filin. Haikalin Fatenon da ke Atina, wanda aka gina tsakanin shekara ta 447 da ta 432 kafin miladiyya, yana da ginshiƙai 8 a gaba da 17 a kowane gefe, a jere kusa da juna. Ina sa yara su ƙirga su a hoto, sannan in tambaye su dalilin da ya sa maginan ba su cire rabi sun huta ba. Wanda ya ga takardarsa ta faɗa tsakanin littattafai ya riga ya san amsa.

Bakan gizo, wato ginin da aka lanƙwasa ya yi baka, shi ne ya kawo mafita, domin a cikinsa kowane dutse yana danna na kusa da shi ne, babu wanda ake ja. Ba Rumawa ne suka ƙirƙiro shi ba, mutanen tsohuwar Iraƙi sun yi amfani da shi da tubali tun kafin su, amma Rumawa ne suka yi aiki da shi a ko'ina cikin daularsu. Gadar ruwa ta Pon du Gar da ke kudancin Faransa, wadda aka gina a ƙarni na 1 na miladiyya, hawa uku ce ta bakuna, tsayinta kusan mita 49, kuma ɓangare ce ta hanyar ruwa mai tsawon kimanin kilomita 50 da ke kai ruwa birnin Nim. A duk wannan tsawon, gangarar da aka ba ruwan ba ta kai mita 13 ba. Manyan yara sukan yi shiru idan aka ba su wannan lissafin suka raba da kansu, suka ga cewa a kowace kilomita ruwan yana sauka ne da kimanin santimita 25 kawai, kuma an auna haka ba tare da na'urorin zamani ba. Ƙanana kuwa sai a sa biyu su tsaya suna fuskantar juna, su haɗa tafukan hannu a sama, su ja ƙafafunsu baya su jingina da juna. Za su ji ƙafafunsu suna neman zamewa, sai an sa wasu yara biyu sun tokare musu dugadugai. Waɗannan yaran biyu su ne kaurin bango da tokaren da ake gani a gefen tsofaffin gine-gine masu baka.

Akwai wata dabara mai sauƙi da nake ajiye wa masu shekara 10 zuwa sama. A riƙe sarƙa ta bakinta biyu a bar ta ta rataya a gaban allo, a bi siffarta da alli ko fensir, sannan a juya zanen sama ya koma ƙasa. Siffar da ta fito ita ce bakan da zai iya tsayawa da nauyin kansa kawai. Masanin kimiyya ɗan Ingila Robert Hooke ya bayyana wannan a shekarar 1675, kuma daga baya mai zanen gine-gine ɗan Sifen Antoni Gaudi ya tsara wasu gine-ginensa da igiyoyi da ƙananan jakunkunan nauyi da ya rataya a kife. Idan aka juya baka ya zagaya kansa, sai a sami kubba. Kubbar Fantiyon a birnin Rum, wadda aka kammala wajen shekara ta 125 a zamanin sarki Hadiriyan, faɗinta mita 43 ne da ɗoriya, kuma har yau babu kubbar kankare marar ƙarfe a ciki da ta kai ta girma. Maginan sun yi kaurinta fiye da mita 6 a gindi, suka riƙa rage shi har ya koma kimanin mita 1.2 a sama, suka kuma zuba duwatsu masu nauyi a kankaren ƙasa, masu sauƙi irin waɗanda dutse mai aman wuta ke fitarwa a na sama, sannan suka bar kafa a buɗe a tsakiya mai faɗin kusan mita 9. Yara kan tambaya ko ruwan sama yana shiga ta wannan kafar. Yana shiga mana, shi ya sa aka ɗan karkata daɓen aka kuma yi masa ramukan da ruwan ke bi ya fita.

Tambaya ta biyu da nake son yaro ya saba yi ita ce: da me aka yi shi, kuma me ya sa da wannan? A nan taswira tana da amfani fiye da jerin shekaru. Kudancin Iraƙi fili ne na laka tsakanin koguna biyu, dutse da manyan itatuwa sun yi ƙaranci, don haka hasumiyar birnin Ur mai hawa-hawa, wadda sarki Ur-Nammu ya gina wajen shekara ta 2100 kafin miladiyya, cikinta ɗanyen tubali ne, bayanta kuma gasasshen tubali da aka liƙa da kwalta don kada ruwa ya ci shi. Masar tana da duwatsu a gefen Nilu, kuma kogin kansa hanya ce ta jigila. A Mohenjo-daro, cikin Pakistan ta yau, an gina gari da gasasshen tubali mai awo ɗaya, tsawonsa ninki biyu na faɗinsa, faɗinsa ninki biyu na kaurinsa, tare da magudanan ruwa rufaffu a tituna, tun wajen shekara ta 2500 kafin miladiyya. Jafan ƙasar dazuzzuka ce da girgizar ƙasa, shi ya sa haikalin Horyuji da ke kusa da Nara na katako ne da aka sassaƙa aka cusa cikin juna, kuma ya haura shekara 1,300 a tsaye. A Lalibela ta Habasha ba a ɗora komai a kan komai ba, sassaƙa dutsen aka yi daga sama zuwa ƙasa har majami'u 11 suka fito. Masallacin Jenne a Mali, wanda ginin da ake gani yanzu na 1907 ne, na laka ne, kuma itatuwan da suka tsiro daga jikin bangonsa su ne abin takawa idan mutanen gari suka fito yi masa sabon yaɓe kowace shekara. Wannan misali na ƙarshe yana koya wa yaro wani abu da dala ba ta koyarwa, wato akwai ginin da daɗewarsa ta dogara da mutanen da ke komawa kansa suna gyarawa.

Abin da na fi ganin yana kama hankalin yara, kuma littattafansu suka fi tsallakewa, shi ne inda aikin ya ƙi. Dalar Giza ba daga sama ta faɗo ba. Kafin ita akwai dalar sarki Zosar a Sakkara, mai hawa 6, wadda ake danganta tsarinta ga babban jami'insa Imhotef, wajen shekara ta 2650 kafin miladiyya. Sai sarki Sineferu ya so mai santsin jiki. A Dahshur maginansa suka fara ɗaga bango da karkatar kimanin digiri 54, suna cikin aiki sai suka rage ta zuwa kimanin digiri 43, har dalar ta fito da lanƙwasa a tsakiyarta, kuma masana da yawa suna ganin tsagewar da ginin ya fara yi ce ta tilasta musu. Dalar da suka gina bayanta, a kusa da ita, tun daga tushe suka fara ta da digiri 43. Sai a zamanin ɗansa Kufu, wajen shekara ta 2560 kafin miladiyya, aka gina babbar dalar, mai tsayin kimanin mita 146 da duwatsu wajen miliyan 2.3, wadda babu ginin da ya fi ta tsayi a duniya har fiye da shekara 3,800. Idan aka jera wa yaro hotunan nan huɗu ba tare da an faɗa masa komai ba aka ce ya tsara su daga na farko zuwa na ƙarshe, yawanci yakan dace, kuma yakan iya faɗin dalili. Haka nan kubbar Aya Sofiya a Istanbul, wadda aka kammala a shekara ta 537, ta rufta a 558 bayan girgizar ƙasa, aka sake gina ta da ƙarin tsayi don turin da take yi wa bango ya ragu. Rufin majami'ar Bobe a Faransa, wanda aka ɗaga har kimanin mita 48, wani sashensa ya zube a 1284. Yaron da hasumiyar kwalayensa ta rushe yana hawaye yana bukatar ya san cewa manyan magina ma hakan ta same su, kuma abin da suka yi shi ne duba inda ta fara tsagewa.

Sai maganar su wane ne suka yi aikin, wadda a zamanin nan ta zama dole, domin yara suna cin karo a intanet da bidiyoyin da ke cewa wasu halittu daga sararin sama ne suka gina dala. Ba na tsawata wa yaron da ya zo da wannan labari, hujja nake ajiye masa a gaba. A kudancin dalolin Giza an tono garin ma'aikata da gidajen gasa burodinsu, kuma a 1990 an gano kaburburansu. A 2013 wata tawagar masu bincike ƙarƙashin Bafaranshe Pierre Tallet ta gano tsofaffin takardu a Wadi al-Jarf, a gaɓar Bahar Maliya, cikinsu har da kundin aikin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, wanda ya riƙa rubuta yadda shi da mutanensa suke ɗauko farin dutse daga Tura a jirgin ruwa suna kaiwa Giza. Akwai kuma zane a kabarin wani gwamna mai suna Jehutihotef, na wajen shekara ta 1900 kafin miladiyya, da ke nuna jerin mutane suna jan ƙaton gunki a kan katakon ja, wani mutum kuma yana tsaye a gaba yana zuba ruwa a ƙasa. A 2014 masu bincike a Jami'ar Amsterdam sun gwada, suka ga cewa jiƙa yashi daidai gwargwado yana iya rage ƙarfin da ake bukata da kusan rabi. Wannan gwaji kowane yaro zai iya yinsa da bulo ɗaya, da ɗan katako, da igiyar roba: a busasshen yashi tudu yana taruwa a gaban katakon, robar ta miƙe sosai, a jiƙaƙƙe kuwa yana sulɓewa, idan kuma ruwan ya yi yawa aiki ya sake tsayawa.

Ga waɗanda suka kai shekara 12 ko fiye, nakan ƙara labarin Babbar Zimbabuwe, birnin dutse da aka gina tsakanin ƙarni na 11 da na 15, inda katanga ta kai mita 11 a wasu wurare ba tare da an liƙa duwatsun da komai ba. Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna cewa baƙi ne daga wata nahiya suka gina shi, har sai da David Randall-MacIver a 1905, da Gertrude Caton-Thompson a 1929, suka tono wurin suka tabbatar da cewa aikin 'yan ƙasar ne. Yara a wannan shekarun suna iya gane cewa mai cewa halittun sama ne suka gina dala da mai cewa baƙi ne suka gina Zimbabuwe abu ɗaya suke yi, wato raina mutanen da suka yi aikin.

Lambobi kuwa ba sa shiga kan yaro sai ya taka su da ƙafa. Kowane gefe na gindin babbar dala mita 230 ne, to a fita fili a auna mita 230 a yi tafiyar. Kubbar Fantiyon a kafa turke, a ɗaura igiya mai mita 21 da rabi, a zagaya da ita, yara su tsaya a bakin da'irar su ga yadda na wancan gefen ya ƙanƙance. Tsayin bishiya ko bene ana iya samo shi daga inuwa, ta hanyar kwatanta ta da inuwar sandar da aka san tsawonta, dabarar da ake cewa Girkawa sun auna dala da ita. Shekaru ma haka: a miƙa igiya, kowace santimita ɗaya ta zama shekara 10, a rataya hotunan gine-gine kowanne a wurinsa. A nan ne yara suke ganin abin da manya ma kan yi mamakinsa, cewa sarauniya Kiliyofatira, wadda ta mutu a shekara ta 30 kafin miladiyya, ta fi kusa da zamaninmu fiye da zamanin da aka gina dalar Kufu.

Game da kayan wasa, ina da ra'ayin da ba kowa zai yarda da shi ba. Ƙananan bulullukan roba masu maƙalewa da juna suna da daɗi kuma suna koyar da tsari, amma suna ɓoye nauyi, domin yaro yana iya miƙo baranda a iska ta tsaya alhali da dutse ne da tuni ta faɗi. Gutsattsarin katako marasa maƙali, da kwalaye, da laka, da tsakuwa sun fi faɗa wa yaro gaskiya. Malamin nan ɗan Jamus Friedrich Froebel, wanda ya buɗe makarantar ƙananan yara a 1837, irin waɗannan katakai masu siffofi ya riƙa ba yara, kuma shahararren mai zanen gine-gine na Amurka Frank Lloyd Wright, wanda mahaifiyarsa ta samo masa su a 1876 yana ɗan shekara 9, ya sha faɗin tasirin da suka yi masa.

Idan dama ta samu aka kai yara wani tsohon gini, ko da ba sananne ba ne, gara a ba su takarda da fensir maimakon waya. Mai ɗaukar hoto yana gamawa cikin daƙiƙa ɗaya, amma mai zane dole ya ƙirga tagogi, ya duba ko ƙofar mai baka ce ko mai dutsen gitta, ya lura da inda bango ya fi kauri da inda aka toshe wata tsohuwar ƙofa da wani irin tubali dabam. Daga nan sai a nemi ya zana wurin kamar an cire rufin ana leƙowa daga sama, wanda shi ne abu mafi wuya ga yaro ɗan ƙasa da shekara 9, shi ya sa ya fi kyau a fara gwada shi da akwatin kwali da aka yanke wa sama. Injiniyan Rumawa Bitrubiyus, a ƙarni na 1 kafin miladiyya, ya ce ana neman abu uku a gini: ƙarfi, da amfani, da kyau. Nakan rubuta waɗannan ukun a bayan takardar kowane yaro in ce ya ba ginin maki a kowanne, ya kuma faɗi dalilinsa. A kan ƙarfi da amfani yawanci bakinsu yakan zo ɗaya, a kan kyau kuwa gardama ake yi har a hanyar komawa gida, kuma ba na raba ta.